Ba Kullum Sarkin Yawa Yake Fin Sarkin Ƙarfi Ba

Duk mutumin da ya taɓa shiga kasuwar kwamfuta, a Kano ne ko Kaduna ko Legas, da niyyar ya saya wa kansa ko ɗansa na'urar da za ta ɗauki wasannin zamani, ya san cewa tun kafin a ce masa uffan game da shekarar da aka ƙera ta, ko irin katin hoton da ke cikinta, ko yadda take jure zafi, sai an fara jera masa lambobi: wannan cibiya huɗu gare ta, waccan takwas, ga kuma wata can cikin gilashi mai goma sha shida, wadda in ji mai shago babu wasan da zai gagare ta. Mai saye kuwa, da yake ya tashi yana jin ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, sai ya ƙudurta a ransa cewa takwas ta ninka huɗu a gudu kamar yadda ta ninka ta a lissafi, ya ƙara kuɗi bisa abin da ya yi niyya, ya koma gida yana murna, sa'an nan ya tarar wasan yana tafiya kusan yadda yake tafiya a na'urar abokinsa wanda bai biya rabin wannan kuɗi ba. Wannan ƙiyasi nake so mu yi bahasi a kansa yau, domin ƙiyasi ne ɓatacce, kuma yana cin dukiyar samarinmu da ta iyayensu a lokacin da kowa ya san wuyar da ake sha kafin a tara ta.

Na san akwai dattawan da za su ce wasan kwamfuta shagala ne, bai cancanci a ɓata masa shafin jarida ba, kuma maganarsu tana da muhallinta. Amma hukuncin wasa daban, hukuncin ciniki daban. Tun da dai ana fitar da kuɗin halal ana saye, haƙƙin mai saye ne ya san haƙiƙanin abin da ya biya. To, ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau furosesa, ɗan guntun silikon ne wanda aikinsa karanta umurni da zartar da shi, cibiya kuwa ita ce sashen da ke iya yin wannan aiki da kansa, ba tare da jiran waninsa ba. Furosesa mai cibiya takwas tana iya riƙe ayyuka takwas mabambanta a lokaci guda. Wannan gaskiya ne, babu jayayya a kai. Inda kuskuren ya shigo shi ne zaton cewa kowane aiki yana yarda a raba shi gida takwas.

Wanda ya san yadda aka yi cibiyoyi suka yawaita ba zai yi wannan zato ba, gama larura ce ta haife su. Har zuwa shekarar 2004, kwamfutocin gida cibiya guda gare su, kuma gasar da ke tsakanin kamfanonin Intel da AMD na Amurka ita ce wa zai fi wani saurin bugun agogon furosesa. Pentium 4 ta Intel, wadda ta fito a shekarar 2000, ta yi ta hawa har ta kai gigahaz 3.8, daga nan ta ci karo da bango: kowane ƙarin sauri yana jawo ƙarin wuta da ƙarin zafi fiye da yadda fanka za ta iya kwashewa. Tun a 1974 wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Robert Dennard da abokan aikinsa suka bayyana ƙa'idar cewa duk lokacin da aka ƙanƙanta taransisto, watau ɗan makunnin wutar da ake gina furosesa da shi, wutar da yake ci tana raguwa daidai gwargwado, kuma a kan wannan ƙa'ida masana'antar ta dogara shekara talatin. Da ta daina aiki, sai Intel ya soke samfurin gigahaz 4 da ya yi alkawari a ƙarshen 2004. A shekarar 2005 aka fito da Pentium D da Athlon 64 X2 masu cibiya bibbiyu, a farkon 2007 kuma Core 2 Quad Q6600 mai huɗu ta shiga kasuwa. Watau da injiniyoyi suka kasa ƙara wa cibiya ɗaya gudu yadda suka saba, sai suka ƙara yawanta, suka bar wa marubuta manhaja wahalar neman yadda za su amfana da ita.

Wahalar kuwa an riga an san iyakarta tun kafin a haifi yawancin masu yin wasannin yau. A shekarar 1967 wani masanin ƙirar kwamfuta, Gene Amdahl, ya gabatar da hujjar da har yanzu ake kiranta da sunansa, wadda taƙaitaccen bayaninta shi ne: ribar da za a samu daga raba aiki ba za ta taɓa wuce haddin da sashen da ba ya rabuwa ya gindaya ba. Manomi ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. In aka kira gayya gona, mutum ashirin suna gama noman da zai ɗauki mutum guda kwanaki, domin kowa yana kama kuyyarsa. Amma in rijiya ake haƙa, mutum ɗaya ne ramin yake ɗauka, na biyu ya ja ƙasa, na uku ya zubar, sauran goma sha bakwai kuwa sai dai su tsaya a baki suna kallo, kuma zurfin da za a kai kafin faɗuwar rana yana rataye ne ga ƙarfin damtsen wanda ke ƙasa.

Bari mu ɗora shi a kan hisabi. A ƙaddara aiki ne na minti 100 ga cibiya guda, minti 60 daga ciki yana rabuwa, minti 40 kuwa tilas a bi shi daki-daki. Da cibiya biyu za a gama a minti 70, da huɗu a minti 55, da takwas a minti 47 da rabi, da goma sha shida a ƙasa kaɗan da minti 44, kuma ko da za a tara cibiya dubu ba za a sauko ƙasa da minti 40 ba faufau. Mai karatu ya lura da kyau: tashi daga ɗaya zuwa huɗu ya rage minti 45, amma tashi daga takwas zuwa goma sha shida, wanda shi ne mafi tsada, bai rage ko minti huɗu cikakku ba.

Wasan kwamfuta yana daga cikin ayyukan da sashensu marar rabuwa yake da girma, kuma dalilin a fili yake ga wanda ya yi tunani a kan abin da ke faruwa a bayan allo. Domin motsi ya tafi sumul a ido, ana so na'ura ta zana hoto 60 a kowane sakan, watau kowane hoto yana da milisakan 16.7 kacal, mai allon da ke nuna hoto 144 kuwa, ƙasa da milisakan 7 gare shi. A cikin wannan ɗan taƙin lokaci, in wasan ƙwallo ne, sai an karanta maɓallin da ɗan wasa ya danna, sa'an nan a lissafa inda ƙwallon ta nufa, sa'an nan a duba ko ta bugi ƙafar mai tsaron baya, sa'an nan mai tsaron gida ya yanke shawarar ɓangaren da zai faɗa, bayan duk wannan ne za a aika wa katin hoto umurnin abin da zai zana. Kuma ba shi yiwuwa a lissafa faɗuwar mai tsaron gida kafin a san hanyar ƙwallon, ko da cibiya nawa ke zaune suna jira. Akwai ayyukan da ake iya miƙa wa sauran cibiyoyi, kamar sauti, da ɗauko sassan filin wasa daga ma'adana, da motsin 'yan kallo, kuma ƙwararrun marubuta suna ta ƙara yawan irinsu. Duk da haka akwai babban layin aiki guda wanda komai ke jiransa, kuma saurin cibiyar da ke ɗauke da shi ne ke yanke hukunci.

Kada a ce wannan nazari ne na takarda kurum, kasuwa ta jarraba shi sau da dama. A watan Oktoba na 2011 AMD ya fito da FX-8150 yana alfahari da cibiya takwas, amma a galibin wasanni Core i5-2500K ta Intel, mai cibiya huɗu, wadda ta riga ta fitowa da wata tara, ta wuce ta, saboda kowace cibiyarta ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, cibiyoyin FX bibbiyu ne suke tarayya a wasu sassa, har wasu masu saye suka kai ƙara kotu a Kalifoniya cewa an ruɗe su da lamba, aka yi sulhu a 2019 a kan Dala miliyan 12.1. A 2017, lokacin da AMD ya farfaɗo da jerin Ryzen, an sake ganin haka: Ryzen 7 1800X mai cibiya takwas ta yi fintinkau a tace bidiyo, amma a wasa Core i7-7700K mai huɗu ce a gaba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa daga gida ɗaya ta fito, inda babu damar a ce bambancin kamfani ne. A watan Afrilu na 2022 AMD ya saki Ryzen 7 5800X3D, mai cibiya takwas, a kan Dala 449. Ba a ƙara mata cibiya ko ɗaya bisa 5800X ba, saurin agogonta ma an ɗan rage shi. Abin da aka yi shi ne an ɗora mata ƙarin ma'ajiyar kusa, watau ɗan wurin ajiyar bayanai da ke jikin furosesa kanta, daga megabait 32 zuwa 96. Amfanin wannan shi ne, duk lokacin da cibiya ta nemi bayani ba ta same shi kusa ba, sai ta tsaya cik tana jiran a kawo shi daga ram, watau babbar ma'ajiyar aiki da ke wajen furosesa, jiran da a cikinsa za ta iya zartar da ɗaruruwan umurni, wasanni kuwa suna yawan neman bayanai warwatse. Da wannan gyara kaɗai ta wuce Ryzen 9 5950X, mai cibiya goma sha shida, wadda aka fara sayarwa Dala 799, a mafi yawan wasanni. Da kamfanin ya zo yin 7950X3D mai goma sha shida a 2023, sai ya haɗa ta da manhajar da, in ta gane an buɗe wasa, take kwantar da rabin cibiyoyin don aikin ya tattaru a kan takwas ɗin da ke da babbar ma'ajiya. In maƙerin da kansa yana kashe rabin cibiyoyi domin wasa ya yi kyau, ban ga hujjar da ta rage wa mai cewa yawansu shi ne ma'auni ba.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen, domin akwai masu wuce gona da iri su ce yawan cibiya ba shi da wani tasiri sam, su ma sun kauce. Akwai haddi na ƙasa wanda in ba a kai shi ba wasa ba ya daɗi, kuma wannan haddi yana hawa a hankali. A watan Nuwamba na 2013 na'urorin wasa na PlayStation 4 da Xbox One suka fito, kowace da cibiya takwas marasa ƙarfi, abin da ya tilasta wa masu rubuta wasanni koyon raba aiki ko suna so ko ba sa so. Wasan Far Cry 4, wanda ya fito a 2014, ƙin tashi ya yi a kan furosesa mai cibiya biyu tak. Sa'an nan manhajojin DirectX 12 na Microsoft a 2015 da Vulkan a 2016 suka buɗe hanyar da cibiyoyi da yawa za su riƙa shirya wa katin hoto umurni tare, maimakon guda ɗaya ta ɗauki nauyin duka kamar yadda galibi ake yi a da. Waɗanda suka sayi Core i5-7600K mai cibiya huɗu a 2017, don a lokacin ta fi Ryzen 5 1600 mai shida gudu a wasa, sun ga sakamakon bayan 'yan shekaru, yayin da sababbin wasanni masu taron jama'a suka fara sarƙewa a wurinsu, mai shidan kuwa tana tafiya lami lafiya.

Ita wannan sarƙewa ta cancanci a tsaya a kanta, gama ita ce alamar ƙarancin cibiya ta haƙiƙa, kuma matsakaicin lissafi yana ɓoye ta. Na'ura tana iya nuna cewa tana ba da hoto 70 a sakan, amma in a cikin kowane 'yan sakanni hoto ɗaya ya makara ya ɗauki milisakan 80, saboda Windows ko manhajar hira ko mai binciken ƙwayar cuta ya ƙwace cibiyar da wasa ke buƙata, ido zai ga tsalle, hannu kuma zai ji shi. Nan ne cibiya ta biyar da ta shida suke biyan kuɗinsu. Ƙididdigar da dandalin Steam yake yi wa na'urorin masu amfani da shi ta nuna a 2022 cewa masu cibiya shida sun zarce masu huɗu yawa, PlayStation 5 da Xbox Series X na 2020 kuma takwas-takwas gare su. Tun da masu yin wasanni don waɗannan na'urori suke aunawa, ba su da dalilin rubuta abin da zai buƙaci fiye da haka, domin ba za su sami masu saye ba.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne ita kanta lambar ta daina nufin abu guda. Tun daga ƙarshen 2021 Intel yake gauraya manyan cibiyoyi masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin wuta a furosesa ɗaya, har Core i9-13900K da ake ce wa mai cibiya 24 ta kasance takwas ce manya, goma sha shida ƙanana, kuma wasa a kan manyan yake dogara. Akwai kuma dabarar Hyper-Threading, wadda Intel ya shigo da ita tun 2002, mai sa cibiya ɗaya ta bayyana ga Windows kamar biyu. Tana da ɗan amfani, amma ba ta mai da huɗu takwas, ko da yake sau da yawa da wannan lamba ta biyu ake tallata na'ura.

Duk wannan bahasi ma yana zuwa ne bayan babbar mas'ala, wadda ita ce katin hoto. Allon da ake kira 1080p yana da ɗigo 2,073,600, na 4K kuwa 8,294,400, ninki huɗu daidai, kuma kowane ɗigo katin hoto ne ke lissafa launinsa, sau sittin ko fiye a sakan. A mafi yawan wasanni masu nauyin zane, katin ne yake fara gajiya tun furosesa ba ta kai ƙarshen ƙarfinta ba, kuma a wannan hali ko an musanya mai cibiya shida da mai goma sha shida babu abin da zai canja a allo. Saboda haka wanda ya rage kuɗin kati don ya ƙara cibiya ya yi hasara sau biyu, ya biya abin da ba zai mora ba, ya kuma tauye abin da zai mora.

A ƙasarmu akwai ƙarin dalilai da masu gwaji na Turai da Amurka ba su cika damuwa da su ba. Yawancin abin da ke kasuwanninmu kwamfutocin tafi-da-gidanka ne na hannu, kuma sunan da ke manne a jikinsu yana yaudara ƙwarai: Core i7-7500U cibiya biyu gare ta kacal, alhali Core i5-8250U, wadda ta biyo bayanta a 2017, huɗu gare ta, amma sai ka ga an tsauwala wa ta farkon kuɗi don kawai an ga bakwai a jikinta. Haka nan tsofaffin furosesoshin Xeon da aka ciro daga manyan na'urorin kamfanoni, masu cibiya goma sha biyu ko sha huɗu, suna da arha kuma lambarsu tana burgewa, amma Core i3-12100 ta 2022, mai cibiya huɗu, tana wuce su a galibin wasanni. Sa'an nan ga zafi. Furosesa in ta doshi digiri 100 rage gudunta take yi da kanta don kada ta ƙone, kuma a bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda iskar ɗaki kanta take haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka, cibiyoyi masu yawa a cikin siririyar kwamfuta suna raba ɗan abin da aka ƙayyade musu na wuta ne, kowace ta tafi a hankali. Ga kuma ita wutar: i9-13900K tana iya jan wat 253 ita kaɗai in an matsa mata, Ryzen 5 5600 mai cibiya shida kuwa an ƙayyade ta a wat 65, kuma wanda yake kunna na'urarsa da janareta ko batirin sola ya san ma'anar wannan bambanci a aljihunsa.

Ban ce furosesa mai cibiya goma sha shida ba ta da ma'abota ba. Masu tace finafinai a Kano, da masu zanen gine-gine, da masu harhaɗa manyan manhajoji, aikinsu yana rabuwa sosai, kuma kowace cibiya da suka ƙara tana rage musu sa'o'in jira. Su kam kuɗinsu bai tafi a banza ba. Wanda kuma yake wasa yana watsa shi kai tsaye a intanet, takwas ta fi masa shida kwanciyar hankali. Amma sayen abin da ba za a yi amfani da shi ba da sunan tanadin gaba, a fagen da cibiyar bana take fin ta shekara biyar da suka wuce ƙarfi ƙwarai, ni a ganina ya fi kusa da almubazzaranci, domin kafin wasanni su buƙaci goma sha shida, waɗannan goma sha shidan sun tsufa.

Ina kira ga 'yan'uwanmu masu shaguna, waɗanda da yawansu mutanen kirki ne da su ma haka aka gaya musu, su tuna cewa malamanmu na fiƙihu sun sharɗanta sanin abin sayarwa kafin ciniki ya inganta, kuma ambaton lambar da ke burgewa tare da yin shiru a kan wadda ke da tasiri yana kusa da algus ko da ba a yi ƙarya ba. Kai kuma mai saye, kada ka karɓi "i7" ko "cibiya takwas" a matsayin amsa. Nemi cikakkiyar lambar furosesa da shekarar fitowarta, ka buɗe Task Manager ka ga adadin cibiyoyi na ainihi, ka tambayi sunan katin hoto, sa'an nan ka sa a kunna maka wasan da kake so ya yi kamar minti ashirin, har na'urar ta ɗauki zafi, ka ga ko tana sarƙewa. In ka ga katin hoto yana aiki kusan ɗari bisa ɗari, to furosesarka ta wadatar, ƙarin cibiya ba zai amfane ka da komai ba. In sabuwa za ka haɗa, sayi mai cibiya shida ta zamanin nan, ko takwas in aljihu ya yarda, ka zuba ragowar kuɗin a katin hoto da ram da fanka mai kyau.